Bayani a Kan Hakkin Maƙwabci Cikin Ruwan Lambu Lokacin Fari

Da sunan Allah muke farawa, muna gode masa, shi ne mai saukar da ruwa, shi ne mai riƙe shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga 'yan'uwa muridai masu noman rani a ƙasar Gwarzo da Kabo, a kan mas'ala guda: idan fari ya zo, rijiyoyi suka ja baya, ruwan da ke hannun mutum nasa ne shi kaɗai, ko kuwa akwai rabon wani a ciki?

Ku sani, ya 'yan'uwa, fari ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. An yi yunwa mai tsanani a 1914 bayan damina ta ƙi. An yi fari a 1972 da 1973, aka sake yi a 1983 da 1984, dabbobi suka mutu, mutane suka bar garuruwansu. Tun zamanin Gwamna Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, aka ɗauki aikin tare ruwa, aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Calawa a ƙasar Karaye a 1992, ga kuma Guzuguzu a ƙasar Kabo. Amma madatsa ba ta haifar ruwa, abin da sama ta bayar shi take ajiyewa. Kuma mai lambun da ke nesa da ita har yanzu rijiyar fadama yake dogaro, ko ramin da ya tona cikin yashin rafi.

Fasali. Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun yi hukunci a kan wannan. Ibnu Abi Zaidin ya ambata cikin Risala cewa mai rijiya a gonarsa yana da ikon hana ta, sai fa idan rijiyar maƙwabcinsa ta rushe alhali yana da shuka da yake jin tsoron ta mutu, to a nan ba ya halatta ya hana shi abin da ya ragu ga bukatarsa. Kuma ya zo cikin Muwaɗɗa cewa ruwan kwari, na sama shi ke fara sha har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sake shi ga na ƙasa. Ku lura da kyau: shari'a ba ta ce ka kashe albasarka don ta wani ta rayu ba. Ragowa ta nema.

To, a nan ne shaiɗan ke shigar wa mai lambu. Sai ya ce, ni ba ni da ragowa, ga rijiyata tana ƙafewa kafin la'asar. Mu kuwa sai mu tambaye shi: yaya ka zuba wanda ka ɗebo? Domin ragowa ba daga rijiya take fitowa ba, daga hannun mai ban ruwa take fitowa. Wanda ya yi ɓarna ba zai taɓa ganin ragowa ba ko da kogi ne a ƙofarsa.

Fasali cikin yadda ake samun ragowa. Ka yi ban ruwa bayan asuba ko bayan la'asar, don ruwan tsakar rana wani sashensa na iska ne. Ka ƙosar da ƙasa har ruwa ya nutsa, sa'an nan ka bar ta ta huta, don yayyafi na kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama, rana ta ƙone ta. Ka yi komi ƙanana masu kunya a gefe, ruwa ya zauna inda aka sa shi. Ka zuba taki, don ƙasa mai taki tana riƙon laima, jigawa maras taki kuwa kamar rariya take. Ka rufe gindin tumatir da tattasai da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Ka fasa ɓawon ƙasa da fartanya idan ta daskare, ka cire ciyawa mai rai, don tana sha tare da shukarka. Ka kafa dangar kara ta gabas saboda iskar hunturu. Kuma idan shekara ta yi wuya, ka rage fili: komi ashirin da suka ƙoshi sun fi hamsin masu ƙishirwa.

In wani ya ce, ni na haƙa rijiyata, ni na sayi inji, ni ke sayen mai, sai mu ce gaskiya ne, wahalarka taka ce, kuma shari'a ta san da ita, shi ya sa zakkar hatsin da aka shayar da wahala rabin ushiri ce. Amma ramin ka haƙa, ba ruwan ba. Rijiyoyin fadama guda daga ruwa guda suke sha a ƙarƙashin ƙasa. Kakanninmu da jigo da guga suke ɗiba, gajiyar hannu ita ke tsayar da su. Inji kuwa ba ya gajiya, in ka bar shi yana zuba a banza, rijiyar maƙwabcinka ce ke sauka, kai ba ka taka gonarsa ba amma ka sha ruwansa.

In kuma wani ya ce, ai mu mutanen tawakkali ne, wanda ya hana ruwa shi zai rayar da shuka, sai mu ce Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata gare shi, ya fi mu tawakkali, amma ya yi tanadin shekara bakwai. Tawakkali aikin zuciya ne, ba ya ɗauke aikin hannu.

Saboda haka, ya kai muridi, kada ka raba wuridinka da lambunka. Wanda ya zauna da carbi da asuba, sa'an nan ya bar ruwa na malala a hanya alayyafon maƙwabcinsa na bushewa, to ya binciki zikirinsa. Bayar da ragowa wajibi ne a inda malamai suka faɗa. Fifita ɗan'uwa a kan kai kuwa matsayi ne na zaɓaɓɓu, ba a tilasta shi, kuma ba a yin sa da abincin iyali. Ku raba kwanakin ban ruwa tsakaninku da yarda, ku fara da mai rauni da wanda ba shi da inji.

Allah ya shayar da mu ruwa mai albarka, ya shayar da dabbobinmu, ya tsare mu daga rowa. Allah shi ne mafi sani. Tamat da godiyar Allah.