Littafin da Aka Kulle a Akwati, Na Wane Ne?

Masaƙar KTL da aka buɗe a unguwar Kakuri ta Kaduna a 1957 ta janyo ma'aikata daga ko'ina a Arewa, kuma da yawansu sun zo da littattafansu. Har yau a gidajen Kakuri da Barnawa da Sabon Tasha akan tarar da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado. A ciki akwai Alƙur'ani rubutun hannu a gafakar fata, ko Littafi Mai Tsarki na Hausa fassarar 1932, ko tsohon bugun Magana Jari Ce wanda bangonsa ya saɓule, gara ta ci gefensa.

Mai tara irin waɗannan ya cancanci yabo. Ba don shi ba, da tuni mai ƙosai ta naɗe wa wani karin kumallo da su.

Amma sayen littafi yana ba mutum ikon hana kowa ganinsa? Kuɗinsa ne ya biya, ba wanda ke musu. Sai dai takarda da tawada ya saya. Ilimin da ke ciki amana ce a hannunsa. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya yi kashedi mai tsanani ga wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye, Linjila kuma ta zargi bawan da ya binne dukiyar da ubangidansa ya damƙa masa. Mai littafi zai ce aro ba ya dawowa, kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa. Zafin rasa littafi ba sabo ba ne: Malam Ahmad Baba na Timbuktu ma ya yi kukan littattafansa 1,600 da aka wawashe lokacin da aka tafi da shi Maroko a 1594.

Kullewar ma ba ta tsare komai. Ran da mai akwatin ya rasu, magada kan raba littattafai kamar kwanukan ɗaki, juzu'i na ɗaya nan, na biyu can. Malaman Malikiyya sun halatta waƙafin littattafai, wanda ke fitar da su daga rabon gado, a bar wa masu karatu.

Wurin ajiya akwai: Gidan Arewa, da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, yana adana rubuce-rubucen Larabci da ajami. Sai dai daga su Kakuri yana hayin kogi, kuma tun rikicin 2000 da ya raba mazauna garin gida biyu, tsallaka gadar da kayan gadon iyaye na buƙatar yarda, wadda ba kowane gida ne ya sake samunta ba.