Motar Alhaji Za Ta Ja Albasa: Abin Kunya Ne?



Wata gardama ce ta tashi a ajinmu na yaƙi da jahilci, har ta ci mana rabin dare. Na ce bari in kawo muku ita, ku ma ku auna.

A wani ƙauye kusa da Galmi, cikin gundumar Malbaza, an yi wani Alhaji mai fataucin albasa. Lokacin da kasuwa ta yi masa kyau ya sayi Marsandi babba, mai lamba 280 SE, irin wadda aka fara ƙerawa a Jamus a 1979. Motar manya ce. Da ita yake zuwa Idi, da ita ake ɗauko amaren gidan. Da Allah ya yi masa rasuwa, aka kafe ta a ƙofar gida. Shekara 9 tana nan. Tayoyi suka sace, kaji suka mai da ita akurki.

Ɗansa na uku yana cikin ɗalibaina. Yana da garkar albasa, ba shi da abin ɗauka. Kun san yadda abin yake. A watan Maris da Afrilu kowa ya cire albasa lokaci ɗaya, ga zafi, ga kuɗin ɗauko ya hau. Wanda bai kai tasa rudu ko bakin kwalta da wuri ba, sai ya sayar da ita a wulaƙance. Sai ya yi shawara ya kai motar gareji a Birnin Ƙonni a tashe ta, a ɗaura mata amalanken ƙarfe a baya. In babu albasa kuma, ya riƙa janyo motocin da suka mutu a hanya tsakanin Tsarnawa da Malbaza, ana biyansa.

Ƙanen mahaifinsa ya ji, ya kira shi. Ya ce, "Kai yaro, motar da ubanka yake shiga da babbar riga, ita za ka mayar jaka? Me za a ce da gidanmu?"

Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Yanzu ma ai kaji ne a ciki."

To, nan ajin ya rabu biyu.

Kada mu yi saurin yi wa dattijon dariya. Ba ƙarfe yake karewa ba, sunan ɗan'uwansa yake karewa. Dukanmu muna da abin da muka ajiye don tunawa da iyaye: wani takobi, wani allo, wata kuma tasar uwarta. Ba a sassabe da takobin kaka ko da yana da kaifi. Mutumin da ba ya jin nauyin irin wannan, ni ma ba zan ba shi ajiyata ba.

Amma na tambayi ajin: da me Alhaji ya sayi motar? Suka ce da albasa. Ashe albasa ce ta haifi Marsandi. In ta koma ta ɗauki albasa, ƴa ce ta ɗauki uwarta, ba ta ci mutuncin kowa ba. Alhaji da kansa ya yi shekaru yana cicciɓar buhu kafin ya zauna a kujerar baya. Mutane sun tuna da rigar, sun manta da gumin. Kuma takobi yana shekara 100 a rataye bai lalace ba, mota kuwa zama ne yake kashe ta. Ajiye ta a rana tana ruɓewa ba girmamawa ba ne. A ganina kunyar da Baba yake gudu ta riga ta zo, ya saba da ganinta ne kawai.

Ni dai a wannan gaɓa ina bayan yaron. Sai dai akwai abu biyu da ba wanda ya ambata a ajin, kuma su ne suka fi damuna.

Na farko, motar ta wa ce? Gado ce. Alhaji ya bar maza 3 da mata 4 da uwargida. An raba gona, an raba gida, motar kuwa aka yi shiru da ita don ba ta kawo ko dala. Ranar da ta fara kawo jika biyar, kowa zai tuna yana da rabo a ciki, kuma gaskiyarsa. Ƴan'uwa mata suna gidajen aure, ba za su zo su yi magana ba, amma hakkinsu bai faɗi don sun yi kawaici ba. Na ce da shi, kafin ka sayi ƙusa ɗaya, ka tara su gaban malami a yi wa motar kuɗi. Ko ka biya kowa nasa, ko ku shirya yadda za a raba abin da ta samo. Ka rubuta a takarda, kowa ya sa hannu. Ai don irin wannan rana ka koyi rubutu.

Na biyu shi ne birki. Duk wanda ya yi maganar motar, ƙarfinta yake yabo. Gaskiya ne, injinta mai silinda 6 ne, da tayoyin baya take tura kanta, kuma tana da nauyi fiye da tan ɗaya da rabi. Za ta ja. Amma ja ba shi ne wuya ba, tsayawa ce wuya. Kayan da ke baya ba su san an taka birki ba, turowa suke yi. Motar da ta shekara 9 a tsaye, man birkinta ya sha ruwa, robobinta sun bushe, tayoyinta sun tsage ko da zanensu bai goge ba. Duk sai an canza su. Wurin ɗaura amalanken ma, ba a jikin bamba ake maƙala shi ba, sai an kama shi da ƙarfen ƙasan mota mai ƙwari. Tukunyar ruwan injin kuma a wanke ta, don jan kaya a zafin bazara yana tafasa mota.

A ƙasashen Turai, inda aka ƙera ta, doka ba ta yarda amalanken da ba shi da birkin kansa ya wuce kilo 750 ba, har da nauyin shi amalanken. Babban buhun albasa yakan kai kilo 100, wani ya fi. Ku yi lissafin da kanku, tunda yanzu kun iya. Buhu 5 ne ko 6. Ɗalibina ya yi niyyar ɗora 15.

Ya ce, "Malam, in na ɗauki 5 kawai, ina riba? Mai ya yi tsada."

Bai yi ƙarya ba. Motar mashayiya ce, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a 2023, man tsallaken iyaka ya daina araha irin ta da. Amma hanyar nan ba tasa ba ce shi kaɗai. Babbar hanya ce daga Yamai zuwa Maraɗi. Manyan motoci suna ɗauko siminti daga Malbaza, ga ƴan makaranta a gefe, ga mata da tallan nono, ga makiyayi da bisashensa. Su ba su ci ribar buhu 10 ɗin da ya ƙara ba, amma su za su biya in birki ya ƙi. Mutum yana da ikon yin kasada da dukiyarsa. Ba shi da ikon yin ta da ƙafar ɗan wani. Abin da ya ba ni mamaki, an yi ta jayayya a kan mutuncin mamaci, ba wanda ya tuna da masu rai.

Da aka kai motar gareji, makaniki ya yi kuɗin aiki kashi biyu: na inji daban, na birki da tayoyi daban. Kuɗin da ke hannun yaron na kashi ɗaya ne kawai. Abokansa suka ce ya tashi injin tukuna, in ta fara aiki ta gyara sauran da kanta. Ya kwana biyu yana juyayi. Daga baya ya ce a fara da birki, injin ya jira har a sayar da albasar bana. Ita kuma albasar, a amalanken jaki ya kwashe ta kamar bara.

Ranar Juma'ar da ta wuce ya kawo mini takardar gadon in duba masa. Akwai kuskure 3 a rubutun, mun gyara. Mutum 7 sun sa hannu, saura ƙanwarsa da take aure a Illela. Baba kuwa har yanzu bai ce ya yarda ba, amma an ce ranar kasuwa ya biya ta garejin, ya tambayi makaniki ko kujerar baya za ta gyaru.