TSEREN BABUR A KAN HANYAR JAMA'A: INA MATSAYIN SHARI'A?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya ba ɗan Adam rai amana, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a tekun da ke tsakanin Ingila da Ailan akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Tsibirin Man. Tun shekarar 1907 ake yin tseren babur a wurin, wanda aka sani da suna TT. Dalilin kai shi can kuwa shi ne dokar Ingila ta wancan zamani ba ta yarda a yi tsere a kan titi ba, amma majalisar tsibirin ta yarda a rufe hanyoyinta domin haka. Daga 1911 aka tsayar da zagayen da ake bi har yau, mai tsawon kusan mil 38. Ba fili ba ne da aka gina domin tsere. Hanya ce ta yau da kullum wadda ta ratsa ƙauyuka, ta wuce ƙofofin gidaje da katangun dutse da turakun waya, sa'an nan ta hau tsauni. A 2023 Peter Hickman ya kewaye ta da matsakaicin gudu na sama da mil 136 a awa. Mahayan da suka rasa rayukansu a kanta tun 1911 sun haura 260.

Daga 1949 zuwa 1976 wannan tsere yana cikin gasar duniya, watau duk mai neman kambu yana da dalilin zuwa ko ransa bai so ba. A 1972 wani mahayi ɗan Italiya, Gilberto Parlotti, ya mutu a kan tsaunin ana ruwan sama. Abokinsa Giacomo Agostini, wanda ya ci tsere a tsibirin sau 10, ya ce ba zai sake hawa can ba, wasu manyan mahaya kuma suka bi sahunsa. A 1977 aka mayar da zagayen Birtaniya na gasar duniya filin Silverstone. Amma gardamar ba ta mutu ba, domin har yanzu akwai masu cewa jarumtakar gaskiya sai a kan titi.

To, mene ne ma'aunin Musulunci a nan? Da farko ya kamata a sani tsere a kan kansa halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sa an yi sukuwar dawaki a Madina. Dawakin da aka hore suka tashi daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil 5 ko 6. Waɗanda ba a hore ba kuwa aka taƙaita musu daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, kamar mil ɗaya. Abin lura shi ne an zaɓi wuri, an yanka iyaka, an auna wa kowane doki abin da zai iya ɗauka. Saboda haka ba gudu ne abin zargi ba, sai dai a duba inda ake yinsa da abin da ke biyo bayan kuskure.

A nan ne bambancin ya fito fili. A filin da aka gina domin tsere, an bar sarari da tsakuwa a bakin kowace kwana, don wanda ya faɗi ya zame har ƙarfin gudunsa ya ragu. A kan hanyar gari kuwa, abin da zai tare shi bango ne ko itace. Ba a ce fili ba ya cin rai ba, gama Marco Simoncelli ya mutu a filin Sepang na Malesiya a 2011. Sai dai a fili faɗuwa takan ƙare da karaya ko ƙujewa, a titi kuwa sau da yawa kuskure ɗaya ya isa. Allah Maɗaukaki ya hana bayinsa jefa kansu ga halaka a aya ta 195 ta Suratul Baƙara, kuma kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da malamai suka ce Shari'a ta zo domin tsare su. Abu Dawuda ma ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya kwana a kan soron da ba shi da katanga. In har an tsawata a kan barci a wurin da babu kariya, ina ga gudun tsiya a tsakanin katangu?

Masu goyon bayan tseren suna da hujjoji, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa hukuma ce take rufe hanyar, ana tanadar likitoci da jiragen ɗaukar majiyyata, tsibirin yana samun kuɗin baƙi, kuma ba a tilasta wa kowa ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma yardar mutum ba ta halatta abin da ba mallakarsa ba ne, rai kuwa ajiya ce ta Ubangiji. Haka kuma cutar ba ta tsayawa a kan mahayi. A 2007 'yan kallo biyu sun mutu tare da wani mahayi a tsibirin. A 2022 uba da ɗansa suka rasu a haɗari guda. Gidan Dunlop na Ailan ta Arewa ya rasa Joey a 2000, da ƙanensa Robert a 2008, da William ɗan Robert a 2018, dukansu a tseren kan titi a wurare dabam-dabam. Wa ya nemi yardar iyaye mata da marayu?

Wani zai ce ai kowa da ranarsa. Haka ne, ajali ba ya gaba, ba ya baya. Amma lokacin da Sayyidina Umar ya ji labarin annoba a Sham, sai ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana wa Abu Ubaida cewa komawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Wanda ya kauce wa halaka bai raunana tawakkali ba. Don haka abin da Agostini ya yi ba ragwanci ba ne, hankali ne, kuma hikima abar ɗauka ce ko daga bakin wa ta fito.

Abin da ya fi kusa da ƙa'idojin Shari'a shi ne a bar babban tsere a filayen da aka tanada masa. Ba a cewa wanda ya mutu a tseren titi ya kashe kansa da gangan, domin bai yi nufin mutuwa ba, amma muddin akwai wuri mafi aminci, babu larurar da za ta sa a zaɓi mafi haɗari.

Darasin ya shafi samarin da ke guje-guje da babura a titunan gari ranar biki ko Sallah. Nasu ma ya fi muni, gama babu hanyar da aka rufe, babu likita, ga yara da tsofaffi suna ƙetarewa. Manzon Allah (S.A.W.) ya umarci mai wucewa da kibau ta kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya soki wani, ya kuma lissafa kawar da cuta daga hanya cikin rassan imani. Haƙƙi ne a kan iyaye da masu unguwanni su tsawata tun kafin a kai ga makoki.

Allah ya kiyaye rayukan bayinsa, ya shiryi matasa, ya sa a gama lafiya. Amin.