Cizon Sauro da Rabon Sange: Ina Adalci Yake?

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci giwa Ya halicci sauro, bai kuwa yi ɗayansu a banza ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, kowace damana, tun daga Gaya har Magarya, mukan ji magana guda: mutum biyu sun kwana ɗaki ɗaya, wannan ya tashi jiki duk kumburi, wancan ko ƙaiƙayi bai ji ba. Sai a ce na farkon zaƙin jini gare shi, wasu ma su tuhume shi da ƙazanta. Kada mu raina wannan zance, domin Allah da kanSa Ya buga misali da sauro cikin Suratul Baƙara, aya ta 26.

Ga abin da masana suka tabbatar. Macen sauro kaɗai ke cizo, saboda tana bukatar jini don ƙwayayenta su nuna. Tana gano mutum ta iskar da yake fitarwa wajen numfashi, da ɗumin jikinsa, da warin fatarsa. A 2015, a Landan, an gwada tagwaye, aka ga masu kama ɗaya sak kusan daidai suke jan sauro. Ke nan akwai gado cikin lamarin. A 2022, a Jami'ar Rockefeller ta Amurka, an gano cewa waɗanda sauro ya fi bi suna da yawan wasu sinadarai masu tsami cikin maiƙon fatarsu, kuma halin nan yana dawwama tare da su. A 2000, a Gambiya, an ga mai juna biyu tana jan sauron masassara ninki biyu na wadda ba ta da ciki, domin numfashinta ya ƙaru, jikinta ya ƙara ɗumi. A 2005 kuwa, a Kenya, an ga yaron da ke ɗauke da ƙwayar masassara a matakin da take yaɗuwa ya fi ƴan'uwansa jan sauro.

To, me muka koya? Na farko, wanda sauro ya fi cizo bai yi laifin kome ba. Bai zaɓi iyayensa ba, bai zaɓi fatarsa ba. Wanda ya yi masa gori da abin da bai ƙaga wa kansa ba ya zalunce shi. Haka nan wanda aka sauƙaƙe wa ba shi da abin alfahari. Sau da yawa ma ana cizon sa, fatarsa ce kawai ba ta kumbura.

Na biyu shi ne mai nauyi. A gidaje da yawa sange bai isa kowa ba. Wa ya fi cancanta da shi? Wani zai ce maigida, tunda shi ke noma, in ya kwanta ciwo lokacin aikin gona kowa ya ji a jikinsa. Hujjar tana da ƙarfi, ba mu raina ta ba. Sai dai babban mutum da ya girma a ƙasar masassara jikinsa ya samu wani kaso na kariya, alhali yaro ɗan ƙasa da shekara 5 bai samu ba tukuna. Mai ciki kuma kariyarta takan ragu, masassara tana jawo mata ƙarancin jini, da ɓari, da haihuwar jariri maras nauyi. Maigida yakan yi asarar kwanaki, su kuwa suna iya asarar rai. Kwanaki da rai ba su hawa ma'auni ɗaya.

Saboda haka adalci a nan ba bin girma ba ne, ba kuma kwana-kwana da sange ba ne kamar rabon girki. Adalci shi ne a fara da wanda haɗari ya fi kusanta. Maigida makiyayi ne, za a kuwa tambaye shi abin da aka ba shi kiwo.

Na uku, tunda mai ɗauke da ƙwayar cuta ya fi jan sauro, wanda ya bar ɗansa da zazzaɓi bai kai shi likita ba, yana cewa ƙaddara ce, ya cuci ɗansa, ya kuma buɗe wa cutar ƙofar maƙwabcinsa. Tawakkali ba ya hana riƙon sababi. Mu karɓi maganin rigakafin da ake raba wa yara da damana, mu bar matanmu su je awo, mu cike kududdufan ƙofar gida.

Bambancin da Allah Ya sanya tsakanin jikunanmu jarrabawa ce, kuma ta fi nauyi a kan wanda aka sauƙaƙe wa. Daren yau, kafin mu kwanta, kowa ya duba wa ke cikin sange a gidansa, wa ke waje.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu cikin masu adalci ga iyalansu. Amin.