Aikin Hannunka Ko Na Mai Sana'a?

A Mabera, cikin birnin Sakkwato, masu motoci da yawa sukan sa wa motarsu ƙararrawa domin tsoron ɓarayi. Waɗansu su kai wa mai gyaran wayar mota, waɗansu kuwa su ce kuɗin aiki ya yi yawa, su ɗaura da kansu. To, jama'a, wanne ya fi dacewa da mai hankali?

Ba shakka aikin hannu abin yabo ne. An san Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, da tufka igiya domin ya ci guminsa. Amma mu lura, aikin da ya iya shi ya yi.

Ƙararrawa kuwa ba igiya ba ce. Wutar batirin mota bolt 12 ce kurum, amma in waya ta haɗu da ƙarfen mota ba fiyus a tsakani, takan yi zafi har ta ƙone. In an ɗaura ta ba daidai ba, tana iya shanye batir cikin dare, ko ta hana mota tashi ran da za a kai mai naƙuda asibiti. Wata kuma ta dinga kuka ba dalili, har maƙwabta su saba, ran da ɓarawo ya zo da gaske ba mai leƙowa. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Saboda haka ma'aunin shi ne: in ka kuskure, wa zai sha wahala? In kai kaɗai ne, kamar wajen gyaran kujerarka, gwada, da haka a kan koya. In kuwa cutar za ta shafi iyali da maƙwabta, ba ka da ikon yin koyo da lafiyarsu.

Sai dai wani zai ce, "Wanda ya ɗaura ai ya san yadda za a kwance." Gaskiya ne, nan maganar amana ta shigo. Nemi mai sana'ar da ke da rumfa sananniya, wanda mutanen unguwa suka shaida. Ka tsaya kusa da shi, ka yi tambaya, ka biya shi hakkinsa ba ƙwauro. Shi kuma ya kame bakinsa game da asirin motar mutane.

Mutum ya san iyakar saninsa ba kasawa ba ce. Allah ya ba mu ganewa, amin.