Kada Ka Raina Asalinka, Ka Zaɓi Abokai Nagari

Karatun yau: Daniyel sura 1

A bakin Kogin Nilu Shuɗi, kudu da Sennar a ƙasar Sudan, akwai garin Mai Wurno. Mutanen da suka yi hijira daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi. Hausawa da yawa kuma suka zauna a ƙauyukan Jazira suna noman auduga bayan an buɗe madatsar ruwan Sennar a 1925. Jikokinsu suna rubuta jarrabawar gama sakandare da Larabci, suna neman shiga jami'o'i irin su Jami'ar Jazira ta Wad Madani, wadda aka kafa a 1975.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya rufe makarantu, ya warwatsa abokai. Sai a Disamba 2024 aka yi jarrabawar da aka ɗage. Ka yi tunanin saurayi ko budurwa da suka yi wannan dogon jira, ga shi za su shiga cikin baƙi inda ana kiransu Fallata, wani lokaci da reni. Jarabar ita ce mutum ya ɓoye harshensa, ko ya ƙunshe kansa a ɗaki, ko ya bi kowace ƙungiya don a karɓe shi.

Wataƙila kai ma kana cike takardun jami'a a Zariya ko Maraɗi da irin wannan fargaba. Dubi Daniyel. An kai shi Babila yana saurayi, aka sa shi karatun shekara 3 cikin harshen Kaldiyawa, har sunansa aka canza. Bai gudu daga ilimin ba, ya koya sosai. Amma ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa da abincin sarki ba. Da ladabi ya roƙi mai lura da su a gwada su kwana 10 da kayan lambu da ruwa, aka kuwa yarda. Gabagaɗi na gaske bai hana ladabi ba.

Ka lura kuma, Daniyel bai tsaya shi kaɗai ba. Yana tare da Hananiya, Mishayel da Azariya. A sura 2, da rayukansu suka shiga haɗari, wurinsu ya je suka roƙi jinƙan Allah tare. Hausawa sun ce, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abokan da ka zaɓa a makon farko za su iya gina ka ko su rushe ka.

Saboda haka, ɗan'uwa da 'yar'uwa, ku fara gaida mutane, ku faɗi garinku ba kunya. Ku nemi zumuntar masu bi tun ranar farko. Ku girmama ɗaliban wani addini da wata kabila. Kada kaɗaici ya tura ku cikin soyayyar da za ta raba ku da Kristi. Iyaye da dattawan ekklisiya, ku zauna da yaranku kafin tafiya, ku saurare su.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna da matasan Jazira da Nilu Shuɗi, ka ba Sudan salama. Ka ba 'ya'yanmu zuciya irin ta Daniyel da abokai masu tsoronka, cikin sunan Yesu. Amin.