Allurar Baba

A shekarar da Baba ya fara soke yatsansa da allura, 'ya'yansa maza huɗu suka taru a zaure bayan sallar isha'i, suka yanke shawarar aikin ya isa haka. Babu mugu a cikinsu. Babbansu ɗan kasuwa ne a Sabon Garin Zariya, biyu ma'aikatan gwamnati, autan direba. Abin da ke ci musu rai shi ne bakin mutane: a ce Allah Ya rufa musu asiri, amma mahaifinsu yana ƙofar gida yana ɗinkin hannu sai ka ce bai haifa ba.

"Baba, ka huta haka nan," in ji babban. "Ka yi mana, saura mu yi maka."

Baba ya sa musu albarka. Fiye da shekara hamsin yana aikin babbar riga a cikin birnin Zazzau, aska biyu, aska takwas, malum-malum, har daga Kano da Katsina ake kawo masa. Amma bai yi musu ba, don shi ma ya san hazo ya fara rufe masa ido, kuma ana kunyar mai alheri.

Aka gyara masa ɗaki a can ƙuryar gida, da sabuwar katifa da fanka da rediyo. Gwangwanin allura da ƙullin zare aka jefa su ƙasan akwati. Da ya yi tuntuɓe a bakin kwata kan hanyar masallaci, aka ce ya riƙa salla a ɗaki, Juma'a kaɗai za a kai shi a mota. Abokan hirarsa sun saba samunsa a dakali. Shiga cikin gidan matan aure kuwa sai da sallama da jira, don haka zuwansu ya ja baya, daga baya ya tsaya.

Kafin damina biyu ƙafafun Baba suka yi sanyi, tashi sai an kama shi. Tuwo ya riƙa komawa kicin kamar yadda ya fito. Wata rana ya tambayi ko yau Talata ce, alhali Juma'a ce. Duk mai shiga gaishe shi ya fito yana girgiza kai: "Tsufa ne, sai haƙuri." Da an faɗi haka zance ya ƙare, babu mai tunanin asibiti.

Ranar 1 ga Oktoba, gidajen rediyo sun cika da jawaban bikin samun 'yancin kai. Mutane kaɗan ne a ƙasar nan suka san cewa ita ce kuma Ranar Tsofaffi ta Duniya, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar tun 1990. Da yamma, bayan an gama fareti, wata tasha ta sako hira da wata likita. Baba na kishingiɗe yana ji. Ta ce Majalisar ta ware 2021 zuwa 2030 domin tsufa cikin ƙoshin lafiya, ta damƙa jagorancin aikin ga Hukumar Lafiya ta Duniya. Ta ce nan da 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ya kai shekara 60 ko ya wuce. Wannan bai dami Baba ba. Abin da ya sa ya tashi zaune shi ne da ta ce Hukumar ba ta auna lafiyar tsoho da rashin ciwo kaɗai, tana duba ko yana iya yin abin da yake da daraja a wurinsa. Ta kawo misali da yanar ido, wadda ta fi komai makantar da mutane a duniya, alhali aikin cire ta bai cika kai awa guda ba.

Jikarsa ta shigo da kunun tsamiya, 'yar shekara goma sha tara, tana makarantar koyon aikin lafiya.

"Amarya, zo ki duba min idon nan. Ko kin fi son miji makaho?"

"Ni da na kusa sakinka, tsoho, in auri saurayi?"

Ta haska fitilar waya, ta ga baƙin idon ya yi fari-fari. Dariyar ta ɗauke. Ta karanta abin a littafi, ta kuma shiga ɗakin nan ba adadi, amma ba ta taɓa duban idon kakanta da niyyar dubawa ba.

Yarinya ba ta tunkarar baffanninta da gyara, don haka ta bi ta wurin gwaggonta, babbar 'yar Baba, wadda duk mazan ke shakka. Gwaggo ta sa aka kira su. Babban ya saurara, ya yi murmushi.

"Yaya, wai Turawan da ke kwashe iyayensu su kai gidan tsofaffi ne za su koya mana riƙon uba? Me Baba ya nema ya rasa?"

"Ai kai ma ka gina gidan tsofaffin," in ji ta. "Naka ɗaki ɗaya ne, da fanka. Ka raba shi da sana'arsa, ka raba shi da masallaci, ka raba shi da abokansa, sannan ka zo kana lissafa min kwanon tuwo. Ranar da kuka zauna a zaure, wa ya tambaye shi abin da yake so?"

Babu wanda ya amsa. A ganina nan ne yawancinmu ke tuntuɓe: muna ƙawata hidima yadda mutane za su gani su yaba, shi kuwa mai jikin ba a neman bakinsa. Taron da ƙasashen duniya suka yi a Madrid a 2002 kan tsufa ya nanata cewa a dama da tsofaffi a harkokin al'umma, kada a tsaya ga ciyar da su. Gwaggo ba ta taɓa jin labarinsa ba, ta dai san mahaifinta.

Autan ne ya tuƙa su zuwa cibiyar kula da ido ta ƙasa da ke Kaduna. Aka auna jini da suga, aka ga jinin ya ɗan hau, aka ba da magani, aka sa rana. Idon dama aka fara yi. An kashe zafin wurin da allura, Baba na farke yana jin hirar ma'aikata, aka cire abin da ya dushe aka sa na roba a madadinsa. Washegari da aka ɗaye bandeji, ya ƙura wa babban ɗansa ido.

"Kai, yaushe ka yi furfura haka?"

Bayan wasu makonni aka yi na hagu, aka yanka masa tabarau na aikin kusa. Ƙafa ce ta fi ba da wahala, don naman jikin da ya daɗe a kwance ba ya dawowa da wuri. Jikar ta riƙa fita da shi, yau zuwa zaure, gobe zuwa dakali, da sanda a hannu. Autan ya sa aka rufe kwatar nan da siminti, abin da tun farko ya fi sauƙi. Mantuwar ranaku ta ragu da kanta, tunda yanzu akwai Asuba a jam'i, akwai wanda zai zo karɓar aiki ran Alhamis.

Hannun bai koma kamar da ba, kuma Baba bai ɓoye ba. Rigar da yake gamawa a wata biyu yanzu sai ta ci huɗu. Sai ya tara yaran unguwa uku, shi ya zana, ya fara bakin aiki, su cike, yana zare duk ɗinkin da ya karkace yana faɗa.

Ana saura wata uku Babbar Salla, babban ɗan ya zo da shadda a leda, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce yana son aska takwas. Baba ya murza yadin, ya faɗi kuɗi.

"Haba Baba, har da ni?"

"Har da kai. Rabi yanzu, in sayi zare in sallami yaran nan. Kuma akwai mutum biyu a gabanka."